Daga Zunguru Zuwa Kwalba: Tarihin Rina Fata da Neman Tsari Daga Rana

Dole Kaina tana bakin kogin Kwara, a can kusurwar yammacin Jihar Kebbi, inda Najeriya da Nijar da Benin suka haɗa iyaka. Gari ne da iyaka ta ratsa, wani sashe a Najeriya, wani a Nijar. Ƙetaren kogi akwai Lolo da Illo na ƙasar Bagudo, daga nan kuwa tafiya kaɗan ce mutum ya shiga Benin, inda babbar kasuwar Malanville ke fuskantar Gaya ta Nijar. Iyakar baƙuwa ce a wurin. Ingila da Faransa ne suka fara yanka ta a takarda a yarjejeniyar 1898, aka zo aka kafa alamunta tsakanin 1906 da 1908. Kafin nan ƙasar Dandi hanyar fatake ce: ayarin goro da ke tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato zuwa Gwanja a wannan yanki yake haye kogi, ya bi ta Kandi da Jugu ya nufi Salaga.

Mutanen wurin, Dandawa da Kyangawa da Zabarmawa da Hausawa da Fulani da Sarkawa masunta, a cikin rana suke neman abinci. Masunci na yini a kwale-kwale, rana na dukansa daga sama, ruwa na maido masa da haskenta daga ƙasa. Manomin shinkafa na duƙe a fadama, kuma a watannin Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40. Irin waɗannan mutane sun gaji ilimi iri biyu game da fatar jiki: yadda ake rina ta don ado, da yadda ake tsare ta daga rana. Kakanninmu sun riƙe su daban-daban. Turawa sun zo sun cuɗa su wuri ɗaya, suka yi shekaru suna ƙonewa kafin su rarrabe. Mu kuma yau mun kama wata hanyar da ta fi tasu haɗari.

Lalle, tsohon gwani

Lalle ya daɗe a hannun ɗan Adam. Masu binciken gawawwakin Fir'aunonin Masar sun tarar da gashin Ramsis na Biyu, wanda ya mutu fiye da shekaru 3000 da suka wuce, a rine da shi. Littattafan hadisi sun ruwaito cewa Sayyidina Abubakar, Allah Ya ƙara masa yarda, yakan rina gemunsa da lalle. A nan Afirka ta Yamma, malamin Andalus al-Bakri, wanda ya kammala littafinsa a 1068, ya ambaci lallen da ake nomawa da yawa a Audagust, zangon ayarin Sahara da ke cikin Muritaniya ta yau.

A ƙasar Hausa lalle ya shiga jinin al'ada har ya zama matakin aure mai zaman kansa: sai an sa amarya lalle ake sanin biki ya kankama. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta aka buga a 1954, ta bayyana yadda ake yin haka a ƙasar Zazzau tun kafin zuwan Turawa. Aikin sananne ne. A tsinko ganye, a shanya, a daka, a tankaɗe, a kwaɓa da ruwa, wata ta matsa lemun tsami. Ƙafa a naɗe ta da ganye da tsumma, hannu kuma a zura shi cikin zunguru, a kwana da shi. Mai son ya koma baƙi ta bi shi da toka da gishirin lalle. Zanen fuska kuwa na katambiri ne. Daga baya leda ta maye gurbin ganye, salatif ya zo da zane mai kusurwa, amma ganyen lalle yana nan yadda yake.

Abin da ke faruwa cikin zunguru da dare shi ne wannan. Fatar mutum hawa-hawa ce. Hawan da ke can waje matattun ƙwayoyi ne, cike da wani sinadari mai tauri da ake kira keratin, wanda shi ne kuma ya gina farce da gashi. A cikin ganyen lalle akwai sinadarin da masana suka sa wa suna lawson. Idan aka jiƙa garin, musamman da ɗan tsami, lawson kan fito ya ratsa wannan mataccen hawa, ya ɗaure da keratin ɗaurin da sabulu ba ya kwancewa. Shi ya sa lalle ya fi kamawa a tafin hannu da tafin ƙafa, inda hawan ya fi kauri. Shi ya sa yake dusashewa bayan mako biyu ko uku, domin fata kullum tana zubar da tsofaffin ƙwayoyi tana turo sababbi. Shi ya sa kuma lallen farce ke yin watanni, sai farcen ya tsiro an yanke. Kowace mai ƙunshi ta san wannan da hannunta tun kafin masana su bayyana dalilinsa.

Ba a taɓa jin mai ƙunshi ta ce lallenta na tare rana ba. Maganin rana daban yake, kuma kowa ya san shi: malfa mai faɗin baki a kan manomi da makiyayi, rawani a fuskar Buzu, mayafi, rumfa a kasuwa, da tsarin yini kansa, wato a yi sammako zuwa gona, a tashi kafin rana ta take, a koma da la'asar. Man kaɗanya da man shanu kuwa na kaushi da bushewar hunturu ne.

Yadda duhun fata ya zama ado a Turai

Ƙarnoni da yawa farar fata ce alamar arziki a Turai. Wanda rana ta dafa, talaka ne mai aikin gona. Matan fada kan shafa hodar farar dalma, gubar da ta ci fuskokin da yawa daga cikinsu. Da masana'antu suka tashi a ƙarni na 19, talakawa suka koma cikin ɗakunan aiki masu duhu, sai lissafi ya juya: yanzu wanda ke da halin zuwa bakin teku ya kwanta shi ne mai sukuni. Likitoci ma suka ƙara wa abin ƙarfi. A 1903 Niels Finsen na Denmak ya karɓi kyautar Nobel saboda magani da haske, kuma a shekarar ce Auguste Rollier ya buɗe asibitinsa a Leysin ta ƙasar Suwizalan, inda ake shanya masu tarin fuka na ƙashi a rana. Ana yawan ba da labarin cewa Coco Chanel, shahararriyar mai tsara tufafi, ta dawo daga hutu a kudancin Faransa a 1923 fatarta ta yi duhu, matan Faris suka ɗauka.

Farar fata kuwa ba ta jure rana. Kafin ta yi duhu sai ta yi ja, ta yi ƙuna, ta saɓule. Daga nan kasuwa ta rabu gida biyu. Gida na farko masu neman man da zai tare ƙunar: Eugène Schueller ya fito da Ambre Solaire a 1935, Franz Greiter, ɗalibin kimiyya ɗan Ostiriya da rana ta ƙona yana hawan dutsen Piz Buin a 1938, ya fito da nasa a 1946, Benjamin Green a Amurka ya gyara wani jan mai da sojoji ke shafawa a Yaƙin Duniya na Biyu, ya zama Coppertone. Gida na biyu masu neman launin ba tare da rana ba. A lokacin yaƙin, da safar mata ta yi wuya a Ingila, mata kan shafa ruwan shayi ko abin rina miya a ƙafafunsu. Ruwan sama ɗaya ya isa ya wanke shi.

Abin da aka gani a asibitin yara

Mafita ta fito daga inda ba a zata ba. A shekarun 1950 wata mai bincike, Eva Wittgenstein, tana aiki a asibitin yara na Cincinnati a Amurka, tana kula da yaran da jikinsu ba ya iya sarrafa sukarin da ya ajiye. Tana ba su wani ɗan ƙaramin nau'in sukari mai suna dihydroxyacetone, wanda ake taƙaitawa DHA. Sai ta lura cewa idan yaro ya dawo da maganin ya zuba a fatarsa, bayan wasu sa'o'i wurin kan yi ruwan ƙasa, alhali rigarsa ba ta rine ba. Ta gwada a fatarta, ta ga haka. Masana a Jamus sun taɓa lura da wannan tun shekarun 1920, ba su bi sawu ba. Ita ta bi, ta buga sakamakon a mujallar Science a 1960. A daidai wannan lokaci kasuwa ta cika da kwalabe: Man-Tan na maza, da QT na kamfanin Coppertone.

DHA farin gari ne, ba shi da launin kansa, kuma ana samar da shi ne ta hanyar sa wasu ƙwayoyin bakteriya su sarrafa gilisarin. Idan ya hau fata, yakan haɗu da sinadaran gina jiki da ke cikin wannan mataccen hawa na waje, haɗuwar ta haifar da launin ruwan ƙasa. Masanin Faransa Louis-Camille Maillard ne ya bayyana irin wannan haɗuwa ta sukari da sinadaran gina jiki a 1912, kuma ita ce ke sa bayan ƙosai da tsire su yi ja a wuta. Bambancin kawai, a kan fata ba a buƙatar wuta, sai lokaci. Launin kan fara fitowa bayan sa'a 2 zuwa 4, ya cika cikin kwana ɗaya, ya fara kwaranyewa bayan kwana 5 zuwa 7. Mafi yawan mayukan kasuwa na ɗauke da kashi 3 zuwa 5 cikin 100 na DHA.

Kwalaben farko sun ba mutane kunya. Launin ya fito ruwan goro, dabbare-dabbare, tafin hannu da gwiwa da gwiwar hannu suka fi ko'ina rinewa. Da an tambayi mai ƙunshi da ta faɗi dalili: inda fata ta fi kauri, nan rini ya fi zama. Da aka ƙware wajen tace sinadarin, launin ya gyaru. A shekarun 1970 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi, amma don shafawa a waje kaɗai, ban da leɓe, ban da kewayen ido, ban da shaƙa. Likitocin fata kuma kan ba da shi ga masu lalurar bitiligo, wadda ke sa wasu sassan jiki su yi fari fat, don ya rufe tabon.

Launin da ke tsaro da wanda ba ya tsaro

A cikin hasken rana akwai wani kaso da ido ba ya gani, wanda masana ke kira UV. Shi ne ke ƙona fata, ya tsofar da ita, ya lalata ƙwayoyinta har ta kai ga sankara. Garkuwar da Allah Ya yi wa ɗan Adam ita ce melanin. Rayayyun ƙwayoyi ne a can ƙasan fata ke ƙera shi, su miƙa wa maƙwabtansu, ya taru a saman cibiyar kowace ƙwaya ya shanye hasken kafin ya yi ɓarna. Ana auna ƙarfin kariya da lambar SPF da ake gani a jikin kwalabe. Wani bincike da Kaidbey da abokan aikinsa suka buga a Amurka a 1979 ya nuna cewa baƙar fata na ba da kariyar da ta kai kusan 13 a wannan ma'auni, farar fata kuwa kusan 3.

Launin DHA a ido ya yi kama da melanin, amma kariyarsa ba ta wuce 3 ba, kuma tana raguwa kullum da fata ke zuba. Mutane suka duba madubi suka ga sun yi duhu, suka ɗauka sun sami garkuwa, suka daɗe a bakin teku, suka ƙone. Har sai da hukuma a Amurka ta wajabta wa kamfanoni su rubuta a jikin kwalba cewa man ba ya hana ƙunar rana. Ko wanda aka haɗa shi da man kariya bai warware matsalar ba, domin kariyar ta sa'o'i kaɗan ce, launin kuwa na mako guda. Wani bincike da aka yi a Balin aka buga a 2008 ya ƙara da cewa a yinin farko bayan shafa DHA, fatar da rana ta doka ta fi samar da sinadarai masu lalata ƙwayoyi.

Akwai ma lokacin da lalle da DHA suka haɗu a hannun likita ɗaya. Tun daga shekarun 1960 Ramon Fusaro da abokan aikinsa a Amurka sun gwada haɗa DHA da lawson, sinadarin lallenmu, don taimaka wa marasa lafiyar da fatarsu ba ta jure haske ko kaɗan. Wasu sun sami sauƙi, amma haɗin bai zama madadin man kariya na sosai ba. Yau darajar DHA a wurin likitocin Turai ita ce ya hana mutane abin da ya fi shi muni: kwanciya a rana, da gadajen fitilar UV da suka bazu tun shekarun 1970. A 2009 hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa waɗannan gadaje a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa sankara. Barazil ta haramta su a wannan shekara, Ostireliya ta biyo baya a 2015.

Dayis da bilicin

Man DHA ba shi da kasuwa a Dole Kaina ko Lolo, domin abin da yake kwaikwayo an haifi mutanen wurin da shi. Amma kayan kwalliyar da ake saukewa a tashar jiragen ruwan Kwatano suna haurowa arewa ta Malanville, wasu kuma na gangarowa daga Kano, kuma biyu daga cikinsu sun isa a tsaya a kansu.

Na farko dayis, wanda wasu ke kira baƙin lalle alhali babu lalle a cikin baƙinsa. Sinadarin PPD ne, wanda aka fara rina gashi da shi a Turai tun shekarun 1880. Amfaninsa a wurin mai zane shi ne sauri: abin da lalle ke kwana yana yi, dayis ya gama shi kafin sa'a guda. Amma jikin wasu na ƙin sa. Wurin ya yi ƙaiƙayi, ya yi ƙuraje masu ruwa, ya bar tabo daidai siffar furen da aka zana, kuma wadda jikinta ya taɓa ƙin sa ta shiga ke nan har ƙarshen rayuwa. Ranar da ta rina gashi fuskarta na iya kumbura. Likitoci a Khartum sun ba da rahoton yara 31 da aka kwantar tsakanin 1984 da 1989 saboda gubar wannan haɗi, 13 daga cikinsu suka rasu. Dokar Tarayyar Turai ta yarda da PPD a rinin gashi kaɗai, ta hana ɗora shi a fata. Lalle tsantsa ma yana da inda ake kiyaye shi: jariran da aka haifa da ƙarancin sinadarin G6PD, lalurar da ta yawaita a Najeriya, lalle na iya farfasa musu jini, don haka ba a shafa wa jinjiri.

Na biyu shi ne bilicin, kuma shi ne babban tashin hankali. Baturiya mai shafa DHA ta ƙara launi a kan matacciyar fata, ba ta taɓa mai rai ba. 'Yarmu mai shafe-shafe kuwa cikin rayayyar fata take aika sinadari. Haidirokwinon na dakatar da ƙera melanin. Mayukan siteroyid irin su kulobetasol, waɗanda magani ne na likita, suna sirantar da fata har jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito, ciwo ya ƙi warkewa. Makuri kuma, wato zaiba, ya ratsa jini ya taɓa ƙoda. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya kawo ƙiyasin cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya na amfani da mayukan ƙara haske.

Sakamakon ba sabo ba ne. Tun 1975 likitan fata Findlay ya bayyana a Afirka ta Kudu yadda haidirokwinon, bayan shekaru ana shafawa, ke mai da kumatu da goshi baƙi ƙirin, baƙin da ba ya fita, kuma daidai wuraren da rana ke duka. Likitoci a Dakar sun ba da rahoton sankarar fata a jikin matan da suka daɗe suna shafawa. Afirka ta Kudu ta hana haidirokwinon a kayan kwalliya a 1990, Kodebuwa ta kafa tata dokar a 2015, Ghana a 2016, kuma a Fabrairun 2023 hukumar NAFDAC, ƙarƙashin Farfesa Mojisola Adeyeye, ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Amma doka a takarda ba ta tsayar da kwalin da ya shiga kwale-kwale. Matar da ke tallar kifin banda da tsakar rana, bayan ta cire melanin ɗinta da kuɗinta, ta tsaya a ƙarƙashin ranar Dandi da fatar da ba za ta iya da ita ba.

Waɗanda aka haifa babu garkuwa

Wanda ke son ya san darajar melanin ya dubi 'yan'uwanmu masu lalurar zabiya, waɗanda aka haifa jikinsu ba ya ƙera shi sosai. A ƙasashe masu zafin rana da yawansu kan kamu da sankarar fata tun suna samari, a wuya da kunne da leɓe da bayan hannu. Babu rinin da zai fisshe su, ko lalle ko DHA. Abin da ke tsare su shi ne man kariya mai lamba 30 zuwa 50 da ake sabuntawa kowace sa'a 2, da riga mai dogon hannu, da malfa, da gujewa ranar tsaka. Jake Epelle ya kafa gidauniyar masu wannan lalura a Najeriya a 2006, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware musu ranar 13 ga Yuni tun daga 2015, kuma a Moshi ta Tanzaniya an nuna cewa ana iya haɗa man kariya a gida Afirka a raba musu.

Abin da ya rage namu ne, kuma bai fi ƙarfinmu ba. Mai ƙunshi ta faɗa wa amarya gaskiyar abin da ke cikin kwanonta, kuma uwa ta hana a ɗora wa ƙaramar yarinya dayis. Mazan da ke fifita fara a kan baƙa da wankan tarwaɗa su sani cewa bakinsu ne ke tura mata wurin mai haɗa mai. Malaman makaranta da na mumbari su faɗa wa yara cewa launin da aka halicce su da shi aiki yake yi musu dare da rana. Asibitocin ƙananan hukumomin Dandi da Bagudo su ajiye man kariya cikin jerin magunguna, su san gidajen da ke da zabiya, su duba fatarsu a kai a kai. Iyayen irin wannan yaro kuma su zaɓar masa karatu ko sana'ar cikin inuwa, kada su tura shi kiwo ko su. Yaron da aka saba masa da malfa da dogon hannu tun yana shekara uku yana iya tsufa da fatarsa lafiya, kuma kuɗin malfa bai kai kuɗin motar zuwa asibitin koyarwa na Sakkwato ba.